Leda Biyu Kafin La'asar

Asabar, bayan azahar

Assalamu alaikum jama'ar Kura da Bunkure da Kadawa baki ɗaya, masu tumatur da masu albasa, masu shinkafa da masu injin casa, Fulanin da shanunsu ke sha mana a kanal, 'yan adaidaita masu tsere da iska, kai har kwaɗin cikin kwalbati ina gaisheku, kowa ya zauna ba sai ya tashi ba. Nine Baballe ƙanin Iliyasu, Sarkin Ban Ruwa, sarautar da ba wanda ya naɗani kuma ba wanda ya isa ya tuɓeni. Duk wanda ya tsinci littafin nan yayi haƙuri da rubutun. Aji uku na tsaya a firamare, ba don ban iya ba, malaman ne suka gaji.

Littafin na 'yata ne na ara. Zaman jinya yanada tsawo kuma an hanani surutu a ɗakin, shine nace bari na dinga yiwa takarda, ita bata cewa kayi shiru.

Yaya Iliyasu muka kawo asibiti jiya. Shine babba a gidanmu. Shi ya riƙeni tunda babanmu ya rasu inada shekara tara, shi ya koya min fartanya, shi yayi min aure. Amai da gudawa ne. Ranar Alhamis yana tsinkar tumatur cikin ranar nan ya sha ruwan kanal, abinda shi da bakinsa yake hana mutane. Da na ɗorashi a adaidaita wallahi kaman na ɗauki buhun ƙaiƙayi. Ido ya faɗa ciki, leɓe ya bushe, murya bata fita.

Akwai wata nas anan, Sista Muhsina. 'Yar ƙarama ce, in ta tsaya kusa dani bata kai min kafaɗa ba. Tana zuwa ta mintsini fatar cikinsa ta saki, fatar ta tsaya ƙiƙam taƙi komawa. Ta nemi jijiya, jijiya ta ɓuya, ta kamota a karo ɗaya. Ta rataya ledar ƙarin ruwa hannu biyu ta sakesu da gudu. Nace, "Sista wannan ai ban ruwa ne, sana'ata ce." Tace, "To Malam Baballe riƙe min hannunsa kar ya motsa." Na riƙe. Ni na riƙe hannun, a sani.

Lahadi, hantsi

Ya buɗe ido. Abinda ya fara tambaya wai an kwashe kwandunan da ya bari a bakin gona.

Abinda yafi bani tsoro ranar Juma'a numfashinsa ne, dogo mai zurfi kaman wanda ya biyo ɓarawo, alhali mutum yana kwance. Na tambayi Sista. Tace gudawa ta kwashe abinda yake tare tsami a jini, jinin yayi tsami, shine jiki yake ƙoƙarin fitar da tsamin ta numfashi. Nace jini kuma yana tsami kaman nono? Tace kusan haka. Yau numfashin ya lafa. Yarinyar nan kallon ƙirjin mutum take ta karanta jininsa. Nima haka nake kallon ganyen tumatur in faɗa maka kwana nawa rabonsa da ruwa. Kenan mu biyu ne masu ilimi a ɗakin nan.

Matar Yaya, Ummulkhairi, ta kawo kunu. Tana ganina da biro tace, "Yau kuma malamin makaranta muka samu? Rubuta sunana in gani."

Nace, "Sunanki yayi tsawo, biro zai ƙare. Zauna matata, ƙaramin mijinki yana kan aiki."

Tace, "Allah ya tsareni da miji mai baki kaman rediyo."

Yaya yayi murmushi ido a rufe. Shikenan naci abinci.

Litinin, bayan la'asar

Gudawa ta ja baya. Amma fitsari kaɗan yake yi. An sa masa robar fitsari, Sista tana zuwa tana ɗaga ledar tana kallo kaman mai auna manja, ta rubuta a takarda. Ta sa abin kunnenta a bayansa ta daɗe tana saurare. Sai ta cire ƙarin ruwan hannu ɗaya, na ɗaya hannun kuma ta murza ɗan tayan roban dake jikin igiyar ta rage shi. Ɗis. Sai ka gama salati sannan wani ɗis.

Nace Sista ya naga an rufe mana ƙofa. Ana kiranta a ɗakin mata, tana tafiya tace, "Haka nake so ya tafi. A barshi haka."

Talata, da safe

Yaya yana kwance lakwas, leɓensa a bushe. Ni dai abinda na sani ranar Juma'a da gudu aka sakar masa ya farfaɗo. Yau ana bashi kaman ana masa rowa. Shekara talatin ina ban ruwa, ban taɓa ganin shukar da ta yi yaushi aka tasheta da ɗigo ba.

An kawo mutum huɗu daga wajen Bunkure, Sista tana can kansu tun safe. Ɗan tayan nan ba wani abu bane. Ƙofar ruwan fangalin gonata tafi shi wuyar buɗewa.

Hannuna yana ƙaiƙayi.

Talata, kafin magariba

Leda biyu suka ƙare kafin la'asar. Kar a tambayeni.

Laraba, bayan azahar

Jiya wajen la'asar Yaya ya fara tari. Yace in tadashi zaune. Na tadashi. Sai ƙirjinsa ya fara ƙara kaman tukunya tana tafasa, kumfa tana fito masa ta baki, yana jan iska iskar bata shiga. Ya riƙe min riga. Na taɓa ganin ɗan akuya ya faɗa babban kanal, haka idonsa yayi.

Ban san yadda na isa ɗakin mata ba. Sista ta rigani dawowa. Kafin ta taɓashi ma ta rufe ruwan. Ta zaunar dashi ƙafa na reto a ƙasa, ta sa masa iskar oksijin, waya a kunnenta tana gayawa likita, hannunta yana zuƙar allura. Allurar sa fitsari ce. Bata ɗaga murya ba ko sau ɗaya. "Baba kalleni. Ja a hankali. Ina nan." Haka ta dinga faɗa har ƙarar ta fara sauka. Ni da nake cewa bana tsoron komai ina jingine da bango ina ta salati.

Da ya samu kansa sai ta ɗaga ledar da ta ƙare. Ta kalli agogonta. Ta kalli takardarta. Ta kalli ɗan tayan. Sannan ta kalleni.

"Wa ya canja ledar farko?"

Nace na kira wani ma'aikaci nace masa ta ƙare, ya rataya sabuwa.

"Shi ya barta a buɗe haka?"

Ni Baballe da ba'a taɓa rufe min baki ba a kasuwar Bunkure. Na tsaya ina kallon silifas ɗina.

Tace, "To." Ta koma kan Yaya.

Alhamis, azahar

Fitsari kaɗan. Ƙafafunsa sun kumbura. Ummulkhairi tace me yasa bana cin abinci, nace azumin Alhamis nake.

Juma'a, bayan sallah

Likita yace in ƙodar bata buɗe ba zuwa Litinin sai Kano, a sa shi a injin wankin ƙoda. Ummulkhairi ta fita waje da mayafi a baki.

Ina wanke kwano a bakin famfo Sista ta zo wanke hannu. Bata kalleni ba tace, "Malam Baballe, kai Sarkin Ban Ruwa ne ko?"

Nace haka suke cewa.

"Fangalin da magudanarsa ta toshe, in ka sakar masa ruwa me zai faru?"

Nace ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe, tumatur ya mutu a tsaye.

"Ranar da kuka zo Baba busasshen fangali ne, shi yasa na saki. Amma bushewar ta taɓa masa ƙoda, itace magudana, ta toshe rabi. Zuciyarsa kuma itace injin, ta tsufa, ga hawan jini. Ruwan da ya rasa hanya huhu ya tafi."

Wallahi da ta zageni da yafi min sauƙi. Abinda na fi kowa sani a duniya, dashi ta ɗaureni.

Nace, "Sista, ni dai naga leɓensa ne." Iyakar abinda ya fito kenan.

Tace, "Na sani. Nima da na tsaya na gaya maka dalili. Na rubuta yadda ruwan ya shiga saboda likita ya san abinda yake magani. Sauran maganar tsakaninka da yayanka ce." Sai ta miƙo min jug na roba mai layi layi da wani ƙaramin kofi. "Tunda hannunka baya iya zama, ga aiki. Duk abinda ya shiga bakinsa ka auna. Duk abinda ya fita ka auna ka gaya min. Kofi uku yau, har da kunu. Ko ya roƙeka."

Asabar, la'asar

Ya roƙeni.

Kofi na uku ya ƙare tun azahar. Zafi kaman an hura wuta a kwanon rufin. Yace, "Baballe, ɗan kurɓi." Nace Yaya Sista tace a'a. Yace, "Ni na goyaka zuwa makarantar allo, yau ruwa zaka hanani?" Nace eh Yaya. Ya juya fuska bango.

Na jiƙa tsumma na goga masa a leɓe yadda ta nuna min. Ban taɓa hana ko karen maƙwabci ruwa ba.

Lahadi, da safe

Fitsari layi biyu da rabi a jug. Na kalla ta sama, na kalla ta gefe, layi biyu da rabi ne.

Lahadi, bayan la'asar

Layi shida.

Jama'a layi shida. Na ɗauki jug ɗin nan hannu biyu kaman na ɗauko kofin gasar ƙwallo na ratsa ɗakin har teburin Sista. Ta duba tace, "Alhamdulillahi, magudana ta buɗe." Ta yi dariya har naga wushiryarta, yau na fara gani.

Ummulkhairi tace, "An sauke ka daga Sarkin Ban Ruwa an naɗa ka Sarkin Fitsari."

Nace, "Ki yi mubaya'a tun da wuri, ina rabon muƙami."

Ba Kano. Naci tuwo malmala uku.

Laraba, hantsi

Yanzu kuma fitsarin ya ƙi tsayawa, jug nake cikawa ina zubarwa. Kumburin ƙafa ya saɓe. An ƙara masa kofi, Sista ce ke faɗin nawa kullum da safe bayan ta duba abinda ya fita jiya. Yadda take lissafin nan da ka, da gona ta samu da duk mun koma leburorinta.

Tana da mutum goma sha wani abu a ɗaki biyu. Ban taɓa ganin ta zauna ta gama cin abinci ba. Jiya wainarta tana kan tebur har ta sandare.

Juma'a, da safe

Na zaci mun haye. Tun jiya Yaya yace ƙafarsa bata ɗaukarsa. Na tadashi tsaye ya sulale. Cikinsa ya kumbura tim kaman ganga, baya cin komai.

Ummulkhairi ta zo da gora a cikin zani. Nace menene. Tace, "Ruwan kanwa ne na jiƙa, kumburin ciki ai kanwa ce maganinsa, tun kakanni." Gaskiyarta, nima da shi aka raineni. Da makon jiya ne da ni zan ɗaga masa kai ya sha. Na karɓe gorar nace sai Sista ta gani.

"Yaushe ka zama ɗan sandan asibiti?"

Nace tun ranar da aka bani jug.

Sista tazo ta karɓi gorar da mutunci, tace, "Mama, kanwa gishiri ce mai ƙarfi, zata sake tara masa ruwa, kuma ba iska bace ta kumbura cikin nan." Ta kama wuyan hannunsa tana kallon agogo. Ta daɗe. Naga goshinta ya tattare. Ta ɗora yatsuna a wajen tace, "Ji." Naji yana bugawa, yana bugawa, sai ya tsallake ɗaya. Kaman injin ban ruwa in mai ya kusa ƙarewa.

An ɗebi jini.

Juma'a, bayan la'asar

Sakamako ya fito. Wai wani sinadari ne ya ƙare masa, fotashiyam. Gudawa ta kwashi rabi, fitsarin nan da nake ta murna dashi ya kwashi sauran. Shi ke riƙe ƙarfin ƙafa da hanji da bugun zuciya. Nace ban gane ba. Tace, "Ka san buhun taki mai haruffa uku? Harafin ƙarshe, K." Nace to ai inada rabin buhu a gida. Ta min wani kallo saida nace wasa nake. Wasa nake.

Zuciyar ce abin tsoro. In ya ƙara sauka zata iya tsayawa.

Asabar, tun safe har la'asar

An rataya sabuwar leda da jan rubutu a jiki, da sinadarin a ciki. Sista ta saita ɗan tayan da kanta ta ƙirga ɗigon da agogo. Sannan ta juyo. Wannan karon ta tsaya.

"Malam Baballe, wannan ba irin wancan bane. In ya shiga da gudu zuciya tsayawa take nan take, ba zan samu lokacin gudowa ba. Ni kuma inada mutane a can. Zan dinga leƙowa. Kai zaka tsare min shi."

Ni. Duk mutanen dake ɗakin nan ni ta ba.

Yau ne layinmu na ruwa a gona, in ya wuce sai wani makon. Tumatur ɗin ya ji da kansa. Na ja kujera gindin ƙarfen na zauna akan hannuwana. Ɗis. Salati. Ɗis. Ko fitsari ban fita ba.

Wajen azahar Datti maƙwabcin gonarmu yazo dubiya. Ya gaisa, yayi addu'a, ya ɗaga kai ya kalli ledar. Yace, "Af, wannan ai ya toshe. Bawan Allah yana yaushi ana masa ɗigo, bari in ɗan," ya miƙa hannu.

Ban san sanda na kama masa wuyan hannu ba. Saida yace wash.

"Baballe lafiyarka? Gyarawa zanyi."

Nace, "Datti, in ka taɓa tayan nan ni da kai sai gaban alƙali. Je ka buɗe na gonarka."

Ya fita yana cewa zaman asibiti ya taɓa min kai. Sista tana bakin ƙofa ashe, da tire a hannu. Da zata wuce tace, "Sannu Sarki."

An yi min kirari a duniya, har maroƙi ya taɓa bina da kalangu. Ba wanda ya kai wannan.

Litinin, hantsi

Na ɗora yatsa na ƙirga har ɗari. Bai tsallake ba.

Laraba, la'asar

Ya taka daga gado zuwa ƙofa ya dawo, yana dafe da kafaɗata. Ciki ya saɓe. Yaci tuwo yace miyar ba gishiri, Ummulkhairi tace ya kai ƙara wajen Sista in ya isa. Bai isa ba.

Alhamis, bayan azahar

An sallamemu. Sista ta jera mana doka: gishiri kaɗan, kanwa babu, ruwan kanal ko a mafarki, maganin hawan jini sai yadda likita ya sake rubutawa, mu dawo gwajin jini bayan mako. Tace ya dinga cin ayaba ɗaya kullum kafin gwajin, kar a wuce. Tace tumatur ma yanada sinadarin, Yaya yace shi da tumatur sai dai a kwando.

Na tsara jawabin godiya tun jiya, mai tsawo, da karin magana uku. Ina buɗe baki aka shigo da wata tsohuwa a sume. Sista tace, "Allah ya ƙara sauƙi Baba," ta juya. Na hango ta tana mintsinin fatar hannun tsohuwar. Na bar mata jug ɗin akan tebur, a wanke.

Asabar, da yamma

Muna zaune a ƙofar gida ni da Yaya. Tumatur ɗina rabi ya ƙone, naje na gani da safe, nayi masa ta'aziyya na dawo.

Nace, "Yaya, akwai magana."

Yace, "Kai kullum akwai magana."

Nace, "Ranar Talatar nan. Ruwan nan. Ni na buɗe. Sau biyu. Sista ta ce a barshi, na buɗe. Da ka tafi da ni na kashe ka."

Ban taɓa faɗin magana gajeriya haka ba. Ya juya yana kallon awaki. Na zaci zai tashi ya shiga gida.

Yace, "Ai na ganka."

Nace ka ganni?

"Idona biyu. Tun safe ɗigon nan yake bani haushi. Nace a raina, wannan yarinya bata san ban ruwa ba. Da inada ƙarfin ɗaga hannu da na rigaka. Da naga ka murza har albarka na sa maka."

Sai ga hawaye a fuskata. Ya dafa min gwiwa.

"Mu biyu shekara saba'in muna ban ruwa in an haɗa, 'yar cikinmu ta fi mu sanin inda zai tsaya. Goge fuskarka, mata suna kallo. Ina ayabata?"

To jama'a nan ne matsalar. Ƙasar nan tamu ta tumatur ce da albasa da shinkafa. Na zaga kasuwa yau, ayabar da na samu ƙanana ne baƙaƙe kaman yatsun makaniki, Yaya ya kalla yace ko akuya sai an roƙeta. Saboda haka kai da kake karanta littafin nan, tunda ka sha labari kyauta, ka aiko min da ayaba. Manya, masu kyau, nono guda. Ka bawa kowane ɗan adaidaita a tashar Kura kace gidan Iliyasu wajen Baballe, zai kawo. Ɗaya kullum ta Yaya ce, ni zan ƙirga da hannuna. Sauran na Sista Muhsina ne, ko zata samu abinda zata ci a tsaye.